Harlem: Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A shekarar 1969, ranakun Lahadi shida tsakanin ƙarshen Yuni da ƙarshen Agusta, an yi wani gagarumin bikin kiɗa a filin shaƙatawa na Mount Morris da ke unguwar Harlem a birnin New York. Ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. An ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka halarta, akasarinsu baƙaƙen fata, tun daga tsofaffi masu sanda har masu goyo. Stevie Wonder, yana ɗan shekara 19, ya zauna kan ganguna ya ba jama'a mamaki. Nina Simone ta rera, Mahalia Jackson ta rera, B.B. King ya kaɗa jitarsa, Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya busa ƙahonsa. Ɗaya daga cikin ranakun ta dace da 20 ga Yuli, ranar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, kuma da 'yan jarida suka tambayi mutanen da ke filin, wasunsu cewa suka yi da an kawo kuɗin nan Harlem da ya fi amfani. Wani mai shirya fim, Hal Tulchin, ya naɗi kusan sa'o'i 40 na wannan biki.

A cikin watan Agustan nan dai, a wata gona mai nisan kilomita kusan 160 daga birnin, aka yi bikin Woodstock, wanda samarin fararen fata suka cika. Fim ɗin Woodstock ya fito a 1970, ya ci kyautar Oscar, ya zama abin da duniya ke tuna shekarar da shi. Na Harlem kuwa, in ban da ɗan abin da aka nuna a talabijin a lokacin, bai samu mai saye ba. Tulchin ya yi ta yawo da shi har ya gaji, ya jibge faya-fayan a ɗakin ƙasa na gidansa, ya mutu a 2017 bai ga ranarsu ba. Sai a 2021 makaɗin nan Questlove ya haɗa su ya fitar da Summer of Soul, wanda shi ma ya ci Oscar a 2022, a rukuni ɗaya da wanda Woodstock ya ci shekara 51 kafin nan.

Masu sharhi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin labari mai daɗin ƙarshe, wai abin da ya ɓace ya dawo. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutum 300,000 sun ga abu da idonsu, amma shekara 50 babu ɗaya daga cikinsu da ke da ikon cewa a fito da shi a nuna wa 'ya'yansa, domin ba su da faifan, ba su da gidan talabijin, ba su da gidajen silima. Duk wanda ya bi tarihin Harlem zai ci karo da wannan matsala a kowace kusurwa. Basira ba ta taɓa yanke wa unguwar ba. Abin da ta rasa tun farko shi ne takardar fili da makullin zaure da ma'ajiya, kuma abin da ya rage yau na fasahar baƙar fata a can kusan duk abin da wani ya samar wa ɗaya daga cikin ukun nan ne.

Tun shigarsu unguwar, a matsayin 'yan haya suka shigo. A farkon ƙarni na 20 Harlem unguwar Turawa ce, Jamusawa da Yahudawa da Italiyawa. Masu kuɗi sun yi rige-rigen gina benaye saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1904, ginin ya fi masu haya yawa, farashi ya karye. Wani dillali baƙar fata, Philip Payton, ya ga dama: ya kafa kamfanin Afro-American Realty a 1904, yana karɓar benayen da suka zama kufai yana zuba 'yan uwansa. Kamfanin bai wuce 1908 ba, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Daga baya aka shiga babbar ƙaurar da ta kwashi baƙaƙen fata kusan miliyan 6 daga jihohin kudu zuwa arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, suna gudun wariya da kisan gilla da gonakin auduga. Ga kuma masu zuwa daga Jamaika da Barbados da sauran tsibiran Karibiyan. Duk suka taru a wuri ɗaya, domin sauran unguwannin birnin ba sa ba baƙar fata haya.

Mai gida da ya san ɗan hayarsa ba shi da wurin zuwa ba ya ragi. Baƙar fata a Harlem yana samun albashi ƙasa da na Bature, yana biyan haya sama da ta Bature. Daga wannan matsi ne ajon kuɗin haya ya fito. In wata ya kusa ƙarewa aljihu babu nauyi, sai a buga 'yan katuna a raba, a ture kujeru gefe, a soya kaji da kifi, a kira mai fiyano; kowa ya biya 'yan sulalla a ƙofa, a kwana ana rawa, da safe a kai wa mai gida kuɗinsa. A irin waɗannan ɗakuna James P. Johnson da Willie Smith da Fats Waller suka goge, suna gasa da juna har asuba, suka fito da salon kiɗan fiyano da duniya ta san Harlem da shi. Marubuci Langston Hughes ya riƙa tara katunan gayyatar nan, kuma suna nan a ajiye har yau. Masu yabon talauci su lura: ba don nishaɗi aka fara abin ba, tsoron a watso wa mutum kayansa waje ne.

Gidan rawar da ya fi kowanne suna a lokacin shi ne Cotton Club, a mahaɗar titi na 142 da titin Lenox. Ɗan damben nan Jack Johnson ne ya fara buɗe wurin da wani suna, amma a 1923 ya koma hannun Owney Madden, ɗan daba mai safarar giya a zamanin da aka haramta ta. An ƙawata cikinsa kamar gonar bayi ta kudu. Makaɗa baƙaƙe, mawaƙa baƙaƙe, masu kai abinci baƙaƙe, 'yan rawa kuma sai dogaye masu hasken fata. Masu zama a kujera kuwa fararen fata ne, waɗanda ke tahowa daga ƙasan gari da dare cikin motoci su sha kallo su koma. Mutumin da ke kwana a bayan gidan ba shi da izinin shiga ta ƙofar gaba. Makaɗi Duke Ellington ya fara aiki a can a Disambar 1927 har zuwa 1931, kuma gaskiya ne rediyon da ke watsa kiɗansa daga ɗakin shi ya kai sunansa kowane lungu na Amurka. Amma manajansa, Irving Mills, yana da kaso mai tsoka a harkar, kuma sunansa na maƙale a jikin waƙoƙi da dama a matsayin wanda aka tsara tare da shi. Bayan tarzomar da ta ɓarke a Harlem a 1935, masu motoci suka ji tsoron hawowa, sai gidan rawar ya tattara ya bi su ƙasan gari a 1936. Bai bar wa unguwar komai ba.

Savoy, wanda aka buɗe a 1926, ya fi mutunci nesa ba kusa ba. Baƙi da fari suna rawa a fili ɗaya, manajansa Charles Buchanan baƙar fata ne, a nan rawar Lindy Hop ta girma, a nan Chick Webb ya riƙa kayar da manyan makaɗa a gasa. Masu jarin dai Turawa ne. An rufe shi a 1958, aka rushe aka gina gidaje, yau ɗan allon tunawa kawai ke wurin.

Apollo, a titi na 125, labarinsa ya ɗan bambanta. Da farko gidan wasa ne da ba a barin baƙar fata ya shiga, sai a Janairun 1934 aka sake buɗe shi domin mutanen unguwa. Shekaru da dama yana hannun iyalin Schiffman, amma a cikinsa 'yan kallo sun ƙwaci wani iko da ba su da shi a ko'ina. Daren Laraba na sababbin shiga ne: ka burge a tafa maka, ka yi shirme a yi maka ihu har wani ya fito da tsintsiya ya share ka daga dandali. Ella Fitzgerald ta ci wannan gasa a Nuwambar 1934 tana da shekara 17. James Brown ya san darajar wannan taro fiye da mai kamfanin faifansa. Da ya ce a naɗi wasansa a Apollo kai tsaye, Syd Nathan na kamfanin King ya ƙi, wai ba mai sayen waƙar da ya riga ya ji. Brown ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya aka naɗa a daren 24 ga Oktoban 1962, faifan ya fito a 1963 ya yi mako 66 a jerin waɗanda aka fi saye. Da ya jira izini, da wannan dare ya bi iska kamar sauran dubban darare na Apollo da babu wanda ya naɗa.

Kada a ce ba su yi yunƙuri ba. A 1921 Harry Pace ya kafa kamfanin faifai na Black Swan a gidansa da ke titi na 138, ya ɗauki Fletcher Henderson ya kula da kiɗa, Ethel Waters ta yi masa waƙoƙin da suka samu kasuwa. Manyan kamfanoni, waɗanda sai a 1920 suka gano cewa baƙar fata ma yana sayen faifai bayan waƙar Mamie Smith ta yi kasuwa, suka shiga zawarcin mawaƙa da kuɗin da Pace ba zai iya biya ba. Rediyo ya zo ya ƙara karya cinikin garmaho. Kafin 1924 ta ƙare, kamfanin Paramount ya haɗiye abin da ya rage.

Marubuta ma haka. Ana kiran shekarun 1920 zamanin farfaɗowar Harlem, kuma sunan ya dace: mujallar The Crisis ta W.E.B. Du Bois, inda Jessie Fauset ta buga waƙar Hughes tun a 1921, littafin The New Negro da Alain Locke ya tattara a 1925, Claude McKay ɗan Jamaika, Countee Cullen, Zora Neale Hurston. To amma wa ke ciyar da su? Wata attajira farar fata, Charlotte Osgood Mason, ta ɗauki nauyin Hughes da Hurston, ta ce su riƙa kiranta uwar ɗaki. Hurston na karɓar dala 200 a wata domin ta zaga kudu ta tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin mutanenta, bisa yarjejeniyar cewa abin da ta tattaro mallakar Mason ne, ba za ta buga ba sai da izini. Hughes ya ɓata da matar a 1930 saboda tana son ya riƙa rubuta irin baƙar fatar da ke cikin kanta. Da tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1929, masu ba da kyauta suka ɗaure bakin jaka, farfaɗowar ta yi sanyi. Hurston ta mutu a 1960 a gidan gajiyayyu a jihar Florida, aka binne ta a kabarin da babu ko alama. An ma cinna wa takardunta wuta, wani jami'in tsaro da ya san ta ne ya zo wucewa ya kashe wutar da ruwa. Sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta je ta sa wa kabarin dutse.

Labarin da ya fi ci mini rai shi ne na Augusta Savage. Masassaƙiya ce, malamar da yara irin su Jacob Lawrence suka taso a hannunta. An ba ta aikin da za a nuna a babban baje kolin duniya da aka yi a New York a 1939, ta yi wani mutum-mutumi mai tsayin kusan mita 5: mawaƙa goma sha biyu a jere, tsayinsu na raguwa kamar tsirkiyoyin abin kiɗa, suna tsaye a kan wani ƙaton hannu. Yana cikin abubuwan da aka fi ɗauka hoto a wurin. Da filasta ta yi shi, domin babu kuɗin zuba shi da tagulla, babu kuma kuɗin ɗauke shi ko wurin ajiye shi. Da aka tashi baje kolin a 1940, motar rusau ta bi ta kansa. Oscar Micheaux, wanda ya shirya fina-finai sama da 40 yana yawo da su gari-gari da kansa, akasarin aikinsa ya salwanta. Fim ɗinsa na 1920, Within Our Gates, wanda ya mayar wa masu ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan martani, an ɗauka ya ɓata har abada, sai aka tsinci kwafi ɗaya a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Sifen.

Yanzu a dubi mutumin da bai iya kiɗa ba, bai iya rawa ba, amma a ganina ya fi kowa yi wa Harlem aiki. Arturo Schomburg ɗan tsibirin Puerto Rico ne, an haife shi a 1874, ya zo New York a 1891. Ana ba da labarin cewa wani malami ya taɓa ce masa yana yaro baƙar fata ba shi da tarihi, ba shi da gwarzaye. Ya yi shekaru yana aiki a sashen wasiƙu na wani banki, kuma da wannan ɗan albashi ya riƙa bin shagunan tsofaffin littattafai yana sayen duk abin da baƙar fata ya rubuta ko aka rubuta a kansa: labaran bayi da suka tsere, wasiƙu, jaridu, zane-zane, waƙoƙin Phillis Wheatley. A 1926 gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 ta sayi tarin, littattafai kusan 5,000 da rubuce-rubucen hannu kusan 3,000, aka ajiye a reshen ɗakin karatun birnin da ke titi na 135, a tsakiyar Harlem. Kuɗin da ya karɓa ma tafiya ya yi da su Turai neman ƙari.

Abin da wannan ɗaki ya haifar ba ya lissafuwa. A nan Jacob Lawrence ya zauna ya yi bincike kafin ya zana allunansa 60 na tarihin babbar ƙaura a 1940 da 1941. A ɗakin ƙasa na ginin aka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta American Negro Theatre a 1940, inda Sidney Poitier da Harry Belafonte da Ruby Dee suka koyi sana'a. Marubuci James Baldwin yana yaro nan yake zuwa aron littafi, kuma a 2017 takardunsa nan suka dawo. Jean Blackwell Hutson, wadda ta riƙe wurin daga 1948 zuwa 1980, Kwame Nkrumah ya gayyace ta Gana ta taimaka wajen gina sashen Afirka na ɗakin karatun jami'ar ƙasar. Tokar gawar Langston Hughes tana binne a ƙarƙashin daɓen zauren shiga. Yau cibiyar Schomburg na riƙe da abubuwa sama da miliyan 11. Cotton Club ya fi ta ƙara a zamaninsa sau dubu, amma ɗalibin da ke son sanin yadda Cotton Club ya kasance, nan zai zo ya tambaya.

Bayan an harbe Malcolm X a zauren Audubon ranar 21 ga Fabrairun 1965, wani sabon ƙarni na masu fasaha ya taso da zafi, suna cewa fasahar baƙar fata ta baƙar fata ce, kuma makami ce. Mawaƙi LeRoi Jones, wanda ya koma Amiri Baraka, ya baro ƙasan gari ya buɗe makarantar wasan kwaikwayo a Harlem, suna fita da motoci suna wasa da kiɗan jazz a bakin titi. Tunanin ya bazu zuwa Chicago da Detroit da sauran birane, ya canza adabin Amurka. Makarantar kanta ba ta cika shekara guda ba. Kuɗin gudanar da ita daga shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da talauci yake zuwa, kuma da jami'ai suka ji irin kalaman da ake yi a kan dandali sai suka rufe famfo. Rikicin cikin gida ya ƙarasa sauran. Ban san yadda aka yi mutum mai kaifin basira irin Baraka ya zaci gwamnatin da yake zagi za ta ci gaba da biya masa haya ba.

Barbara Ann Teer ta zo da aƙida iri ɗaya amma da lissafi daban. Ta bar wasa a manyan gidajen Broadway ta kafa National Black Theatre a 1968. Da gobara ta ci ginin da suke haya a 1983, maimakon ta nemi wani wurin haya sai ta nemi kuɗi ta sayi filin, a mahaɗar titi na 125 da titi na Fifth, ta zuba shaguna a ƙasa domin hayarsu ta riƙe wasan da ake yi a sama. Sun sha fama da bashi, ba a ce ba. Amma ta rasu a 2008 ta bar gidan wasan da rai, kuma da lokacin sake gina wurin ya zo, magadanta sun zauna a teburin ciniki a matsayin masu fili. Gidan zane na Studio Museum, wanda ya fara a wani bene na haya a 1968, shi ma da ya samu mazauni na dindindin a titi na 125 a 1982 ne ya zama matattarar da ta yaye su Kerry James Marshall da Kehinde Wiley da Julie Mehretu da Njideka Akunyili Crosby 'yar Najeriya.

Mai karatu zai iya cewa: ai kuɗin Carnegie ne ya sayi littattafan Schomburg, kuma Apollo da ya durƙushe a shekarun 1970, ɗan siyasa baƙar fata Percy Sutton ya saye shi a 1981 ya yi ta asara, sai da gwamnatin jihar New York ta karɓe shi a 1991 ta damƙa wa wata gidauniya. Haka ne. Ban ce kuɗin wani haram ne ba. Bambancin yana wurin sharaɗi. Kuɗin Mason ya sayi bakin Hurston, na Carnegie kuwa ya sayi littattafai ya bar su a unguwar, a ɗakin da kowane yaro zai shiga ba tare da ya biya ba.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kaina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Zauren Renaissance, a titi na 138, baƙaƙen fata 'yan Karibiyan ne suka gina shi da kuɗinsu a farkon shekarun 1920. A nan ake bukukuwan aure da tarukan siyasa, a nan shahararriyar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Rens take wasa. An rufe shi a 1979. Reshen raya unguwa na cocin Abyssinian, cocin baƙar fata mafi suna a Harlem, ya saye shi a 1991 da niyyar gyarawa. Ginin ya yi ta ruɓewa sama da shekara 20, daga ƙarshe aka sayar wa masu gine-gine, suka rushe shi a 2015 suka gina gidajen sayarwa, suka kuma laƙaba musu sunan zauren. Ke nan takardar fili a hannun ɗan gida ba ta isa ba in ɗan gidan ya matsu, ko kuma in ya ɗauki tsohon gini a matsayin fili kawai.

Yau matsalar ta sake kama. A 1950 kusan kowa a tsakiyar Harlem baƙar fata ne. A 2010 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa a faɗin unguwar baki ɗaya baƙaƙen fata sun koma kusan huɗu cikin goma. Gidajen da aka gudu aka bari a shekarun 1970 da 1980, lokacin ƙwaya da gobara, yanzu miliyoyin daloli ake sayar da su. A 2008 hukumar birnin ta sauya dokar gini a titi na 125 domin a samu dogayen benaye. Lenox Lounge, mashayar jazz da ke nan tun 1939, an rufe ta a ƙarshen 2012 saboda tashin haya, aka rushe a 2017. A wannan shekarar ce wasu dillalai suka fara tallar kudancin unguwar da sabon suna, SoHa, har sai da mazauna suka fito suka yi bore. Ranar Lahadi kuwa motocin 'yan yawon buɗe ido ke jeruwa a ƙofar coci-coci, Turawa da Japanawa na layi domin su ji waƙar ibada, wasunsu su tashi su fita kafin a fara huɗuba. Ba na ƙin a gyara unguwa. Wanda ya zauna a Harlem ta 1985 ba zai yi kewar ta ba. Abin da nake ƙi shi ne a gyara ta da sunan Ellington da Hughes, a kuma sa mata farashin da Ellington da Hughes na yau ba za su iya kama ɗaki a cikinta ba.

Wani lokaci abin har dariya yake ba mutum. Daniel Day, wanda aka fi sani da Dapper Dan, tela ne da ya buɗe shago a titi na 125 a 1982, yana buga tambarin Gucci da Louis Vuitton da Fendi a kan fata yana ɗinka wa mawaƙan hip-hop da 'yan dambe irin su Mike Tyson riguna da kamfanonin ba su taɓa mafarkin yi ba. Lauyoyin kamfanonin suka taso shi gaba har ya rufe a 1992. A 2017 sai ga Gucci ya fito da wata riga mai kumburarren hannu, kusan sak wadda Dan ya ɗinka wa 'yar tseren nan Diane Dixon a 1989. Jama'a suka yi ca a intanet. Kamfanin ya ce ai girmamawa ce, daga baya ya buɗe masa ɗakin ɗinki a Harlem a 2018. Da shi ya kwafa sun kira shi ɓarawo, da su suka kwafa kuwa sai aka nemo wata kalma.

Mu ma muna da ƙafa a wannan titi. Daga ƙarshen shekarun 1980 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka cika gefen titi na 125 da tebura, 'yan Senegal da Mali da Gini, da kuma Hausawa da Zabarmawa daga Nijar, waɗanda masani Paul Stoller ya zauna da su ya rubuta littafi a kansu a 2002. Suna sayar da atamfa da duwatsun wuya da turare da kaset, kuma da fim ɗin Spike Lee kan Malcolm X ya fito a 1992 sun yi cinikin huluna masu harafin X ba kaɗan ba. Baƙaƙen Amurka na neman Afirka, su kuma suna da ita a kan tebur. A Oktoban 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya turo 'yan sanda suka share titin. Waɗanda suka tsira su ne suka koma kasuwar da masallacin Malcolm Shabazz ya ɗauki nauyinta a titi na 116, inda kowa ke da rumfa da takarda. Kasuwar na nan, ko da yake hayar unguwar da ake kira ƙaramar Senegal ta kori da yawa daga cikin mutanenmu zuwa Bronx.

Shi kansa Malcolm X saura ƙiris a yi gwanjonsa. A 2002 aka wayi gari wani kamfanin gwanjo a San Francisco na tallar takardunsa: wasiƙu, jawabai, hotuna, Alƙur'aninsa, da littattafan da ya riƙa rubuta abin da ya gani a tafiyarsa ta Makka da Afirka a 1964. Ashe an ajiye su ne a wani sito na haya a Florida, aka daina biyan kuɗin sito, masu wurin suka sayar da kayan ciki ga wanda ya taya. Sai da iyalinsa suka tashi da lauyoyi aka tsayar da cinikin. A 2003 suka kai takardun cibiyar Schomburg ajiya ta shekara 75, mallaka kuma tana hannunsu.

'Yan uwanmu da ke zaune a New York, masu tuƙa tasi da masu shago da ɗalibai, da kuma masu zuwa taron Majalisar Ɗinkin Duniya duk Satumba su ƙare a kantunan sayayya: cibiyar tana mahaɗar titi na 135 da titin Malcolm X, jirgi mai lamba 2 ko 3 yana sauke mutum a bakin ƙofarta, kuma shiga kyauta ne. Ku je, ku tafi da yaranku.